Minsharin Mati

Tun da aka yi wa kowa allurar hana barci don aiki ya ƙaru, gawa kaɗai ke kwanciya a garinmu. Ƙanena Mati direba har ya fara manta sunayen 'ya'yansa, idanunsa jajir kamar garwashi.

Ranar Laraba bayan azahar, mahaifiyarmu Iya Tabawa ta tace jiƙon ganyen da take shukawa a bayan randa.

"Shanye, Mati."

"Iya, ganye ne zai kayar da allura?"

"Na ce shanye. Ba shawararka na nema ba."

Ya shanye, ya yi hamma, ya ɓingire a tabarma. 'Yarsa Jummala, wadda ba ta taɓa ganin mai rai a kwance ba, ta fita da gudu tana kururuwa. Nan da nan maƙwabta suka cika gidan da salati, har aka aika a kawo likkafani.

Sai Mati ya ja minshari, irin mai girgiza kwanon rufi.

Iya ta rangaɗa guɗa. Liman, da ya zo wankan gawa, ya ajiye butarsa ya tsugunna a gabanta.

"Iya, akwai saura a tukunyar?"