Shafi Ɗaya Ta Fara Sawa

"Malam, kwashe littattafanka. 'Yan jami'a sun ce kyauta suke karanta littafin a intanet."

A shagon littattafai na Sabon Gari ta ji maganar daga bakin mai shagon, tana raɓe a bayan wata kanta. Tsohon malaminta na Hausa ya ɗaure kwalin littattafan a kekensa.

Ita ta buga masa littafin a kwamfuta, a kafen intanet da take aiki a Samaru. Daɗinsa ya sa ta liƙa shafi ɗaya a dandalin masu karatu na intanet, don a san shi. Suka ce a ƙaro. Ba a taɓa roƙonta komai ba, sai ta yi ta ƙarawa har babin ƙarshe. Tunda sunansa na sama, ta ɗauka shi ke nan.

Bayan damina ya shigo kafen a ƙafa, ya rame. Ya ajiye sabon rubutu gabanta.

"Keken na sayar. Wannan ki buga da kanki, 'yata, ke kaɗai na yarda da ke."

Ta daɗe tana kallon takardun.

"Malam, wancan na farkon... ka san wanda ya sa shi a intanet?"