Biyu da Ɗaya Ranar Asabar

Tun da na'urar hukumar wasannin kwalejoji ta fara bayyana sakamako kwana uku kafin wasa, faɗan magoya baya ya ƙare. Ranar Laraba Sabi'u, mai tsaron ragar Kwalejin Noma ta Tsakuwa, ya kai wa Malam Ɗanjuma takalminsa ɗinki.

"Na ga allo," in ji tsohon. "Ku biyu, baƙi ɗaya. Barka!"

Sabi'u ya yi dariya, ya ce mahaifiyarsa har ta sayi kajin walima.

"To ɗayan nan, ba za ka tare ba?"

"An riga an rubuta, Baba. Minti na saba'in za ta shiga."

Malam Ɗanjuma ya tsinke zare da haƙori. "Na ƙara maka ɗinki duk da haka. Ka dai yi tsalle, ɗana."