Ƙauyen da Layi Ɗaya Ya Haɗiye

Malam Tasi'u, na ce ka tsara takardar XML ɗin da manhajarka ke fitarwa yadda ɗan'adam zai iya karantawa, ka ce mini ai kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba. To zauna in ba ka misali, don na taɓa jin wannan amsar a bakin wani, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Akwai wata ƙungiyar manoma da ke raba irin gero ga ƙauyuka ashirin da uku kafin faɗuwar damina. Suka ɗauki wani mai rubuta manhaja. Gwani ne kam, ba a raina masa, sai dai ya san shi gwani ne, kuma cutarsa ke nan. Ya rubuta musu manhaja da harshen kwamfuta na PHP wadda ke tattara sunayen manoma ta fitar da su a takardar XML, a tura wa kwamfutar sito, ita kuma ta faɗi buhu nawa za a loda wa kowane ƙauye. Tsarin takardar kamar jeren ƙore yake: ƙauye shi ne babbar ƙwarya, a cikinta gidaje, a cikin kowane gida sunan manomi. In an tsara ta, kowane abu yana hawa layinsa, abin da ke cikin wani kuma ya ɗan matsa ciki, da kallo ɗaya ka san wane ne a cikin wane. Amma tasa takardar layi ɗaya ce tal, komai manne da komai, ka yi ta ja gefe har hannunka ya gaji ba ka ga ƙarshenta ba.

A ofishin akwai wata mata da ke duba sunaye kafin a tura. Shekararta goma sha ɗaya tana zaga ƙauyukan nan, ta san kowanne da dagacinsa. Ta buɗe takardar ta ga ba ta karantuwa, sai ta je cikin ladabi ta ce masa, "Injiniya, don Allah ka sa ta fito layi-layi in samu in duba." Abin da ta roƙa bai wuce umarni guda ba, wanda zai gaya wa manhajar ta tsara abin da take fitarwa, aikin da za a gama kafin shayi ya huce. Shi kuwa gogan naka sai ya ɗauka so take ta tsoma hannu a aikinsa a ce da ita aka yi. Ya ce, "Hajiya, wannan ba don mutum na rubuta ba. Kwamfuta ta karɓa." Ya juya mata ƙeya. Ka ji rashin ta ido! Wai ba don mutum ba. To geron da ake rabawa, kwamfuta ce za ta ci tuwonsa?

Ashe ya yi wani ɗan kuskure a rubutunsa. Wani ƙauye na bayan kogi, maimakon ya tsaya a jere da 'yan'uwansa, sai ya faɗa cikin ƙauyen da ke gabansa. Takardar ba ta karye ba, duk alamar da aka buɗe a rubutun an rufe ta, saboda haka kwamfutar sito ba ta ce uffan ba. Ta ƙirga ƙauyukan da ke kan jeri ta sami ashirin da biyu, ma'aikatan sito kuma ba su san ƙauyukan ba, suka sallami motoci. Da a tsare takardar take, da sunan ƙauyen ya fito a matse can ciki inda ba wurinsa ba, kuma matar nan ko da ido ɗaya za ta gani.

Mutanen ƙauyen ba su da irin ajiya, ƙwari sun cinye na bara, alkawarin ƙungiya kawai suka riƙe. Sun yi sharar gona, sun kai taki. Ruwan shuka ya sauka wata ranar Laraba. Wani dattijo a cikinsu ya saɓi sungumi ya fita bakin hanya jiran mota. Kwana uku yana fita, yana kallon mutanen ƙauyukan maƙwabta suna shuka. A na huɗu ya tako da ƙafa har ofis. Nan gwanin ya buɗe takardarsa ya yi ta lalube a layin nan nasa, gumi na keto masa, bai gano komai ba. Da ya ga uwar bari, ya ƙara umarnin da aka roƙe shi tun farko. Takardar na warwarewa, matar ta ɗora yatsa a kan allo, ga ƙauyen nan kwance cikin wani ƙauye. Kafin a loda wata motar kogi ya kawo, hanya ta yanke. Iri bai isa ba sai bayan kwana goma sha takwas, kuma a shekarar damina ta ɗauke da wuri. Dattijon nan dami huɗu ya ɗaure a gonar da ta saba ba shi arba'in, ga bakuna tara a gida.

Kuskuren farko kowa yana iya yin irinsa, Malam Tasi'u, ni ma na yi wanda ya fi shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne an zo har gaban teburinsa da idon da zai kama kuskuren, ya kore shi don girman kai. Matar nan ba kujerarsa take nema ba, ba kuma yabonsa ba. So take kawai ta ga abin da ya rubuta. Tun kafin a haifi kwamfuta Bahaushe ya riga ya faɗa: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.