Littafin Yaron Mayo

Ultan Gavigan ya ɗaga kofin shayinsa da hagu, ya leƙa ta saman tabarau, sai ya ga jikarsa Sorcha ta sake ɗauko littafin nan mai shuɗin bango. Nasa guda bakwai suna jere a kan kanta, ƙura ta yi musu hula.

Shekara talatin ya yi yana rubuta labaran mutanen da, na jarumai da ƙattai da matan teku, da dogayen bayanai a ƙasan kowane shafi. Malaman jami'a suna cire masa hula. Yara kuwa shafi biyu ya ishe su yin barci.

Kwatsam bara sai ga shuɗin littafin nan, ba sunan marubuci. Wai daga littafin rubutun wani ɗan makaranta aka kwafo shi, tun shekarar da aka tura yaran ƙauye su ji labarai daga bakin tsofaffi su rubuta, aka tattara aka kawo birnin Dublin. Kowa littafin yaron Mayo yake ce masa, kuma babu gidan da ba ya ciki.

Shi ma Ultan daga wani ƙauyen bakin teku a yankin Mayo ya fito, ko da yake ba ya son a tuna masa. Yana da shekara goma sha ɗaya teku ta ci ubansa, uwarsa, wadda ƙauyen ke kira Nóra Ja saboda jan gashinta, ta kwaso shi zuwa birni. Tun daga nan ya binne ƙauyen, ya goge karin harshen ƙauye daga bakinsa tas.

"Kaka, karanta mini na ƙaton da ya goya tsibiri."

"Ai akwai shi a nawa, har da taswira."

"Naka kamar wa'azin Fada a coci ne," in ji Sorcha.

Matarsa Gobnait ta ƙyalƙyale da dariya daga kicin. Abin ya soke shi har zuci, amma ya karɓa ya fara karantawa yana yatsina. Ƙaton ya ratsa teku da tsibiri a baya, ya gaji, ya zauna a kan dutse. "Sai ya cire takalminsa ya zazzage," in ji Ultan, "kifi goma sha ɗaya suka zubo, da kwale-kwalen wani bawan Allah."

"Kaka, ai ba ka juya shafin ba!"

"Rubutun banza ne, kowa ya san abin da zai biyo baya."

Ba rubutun banza ba ne, kuma ya sani. Abin da ke cinsa ke nan. Ya karanta littafin a ɓoye ya fi sau biyar yana neman kuskure, bai samu ba. Kowace jimla tana tafiya sumul, ba ta jan ƙafa irin tasa. Hassada ta hana shi jin daɗin abinci.

Ranar Litinin ya rubuta wa jarida wasiƙa. Ya ce yaudara ce tsagwaronta, babu ɗan shekara goma da zai iya wannan, wani gwanin marubuci ne ya ɓuya a bayan gajeren wando. Ya sa hannu da cikakken muƙaminsa.

"Kai dai ka ji kunya, tsoho," in ji Gobnait. "Kishi da yaron da ko ganinsa ba ka taɓa yi ba?"

Lahadi ta zo, Sorcha ba ta hau cinyarsa ba. Ta ce Kaka ya zagi yaronta. Lahadi ta biyu ma haka, ta rungume littafin ta koma bayan kujera. Ultan ya ga hanya ɗaya ce ta rage masa: ya kawo hujja, yarinyar ta ga ba ƙarya ya yi ba.

Ya shiga bas cikin yayyafi har gidan da ake ajiye tsofaffin takardun. Mai kula da wurin, wata Malama Furlong, ta karanta wasiƙarsa, amma ta tarbe shi da ladabi. Ta miƙa masa rajista ya sa hannu, sannan ta kawo wani kwali, ta fito da littafin rubutu da ya yi ja don tsufa.

"Ga shi, Malam Gavigan. Ko kalma ɗaya ba mu gyara ba."

Ya buɗe. Ga ƙaton, ga takalmin, ga kifi goma sha ɗaya, da rubutun yaro mai karkata baya. Kowane layi tawada ta ɗan shafe.

"Bahago ne," ta ce. "Hannunsa ke bi ta kan tawadar kafin ta bushe. Mun neme shi har ƙauyen, gidan ya rushe, ba wanda ya san inda suka shiga. Sunan gida bai rubuta ba, sai irin wanda ake kiran juna da shi a can. Ni dai ina addu'a ya ci gaba da rubutu."

"Wannan ai ba ya bukatar addu'a," in ji Ultan. "Duk abin da na yi a rayuwata bai kai shafi ɗaya nasa ba."

Ya rufe littafin zai mayar mata, sai idonsa ya faɗa kan bangon baya, inda yaron ya danna alƙalami sosai don kada a manta da shi: Ultan ɗan Nóra Ja, aji huɗu.