Kalkuletar da Aka Hana Rauda

"Wagga nika so, mai zana layukan lissafi," in ji Rauda, tana nuna babbar kalkuleta.

Malam Matiyu mai kanti ya dube ta. "Jarrabawar fita sakandare za ki rubuta da ita?"

"I, Malam."

Ya mayar da babbar cikin gilashi, ya miƙo mata wata 'yar ƙarama. "Wannan za ki saya, 'yata."

Takanas ta taso daga Argungu zuwa Birnin Kebbi saboda babbar. Ta yi roƙo, ta yi fushi, ya ƙi. Dole ta sayi ƙaramar, ta koma gida tana cewa raina ta ya yi.

Ranar jarrabawar lissafi mai zurfi, ƙawayenta suka jera manyan kalkuletocinsu. Ita kuwa ta sunkuyar da kai a kan ƙaramarta. Can mai sa idon da aka turo ya shigo riƙe da kwali.

"Doka ta hana duk kalkuleta mai zana layuka. Ku zubo su nan."

Aji ya kaure da kuka. Mai sa idon ya iso teburin Rauda, ya duba ƙaramar, ya ajiye mata. Ta ɗago kai.

Malam Matiyu ne. Ashe bayan kanti yana aikin sa ido a jarrabawa.

"Har yanzu fushi kike, 'yata?"