Gurbin Gidan Tabawa

A gafarce ni da karambani, ban taɓa rubuta labari ba.

Tun da aka bar wa kowane gida gurbi ɗaya a na'urar gari, komai nan ake cusawa, suna ko lamba. Tabawa ta je a sa sunan maigidanta cikin mamatan da ake yi wa addu'a ran Juma'a.

"Allah ya jiƙan Malam, Inna," in ji ma'aikacin na'urar. "Amma biyar ce a gurbinku, yawan mutanen gida har da shi. In na sa sunansa, ta goge. Famfo kuwa lamba yake karantawa kafin ya ba da ruwa."

"To yaran su sha me?"

"Shi ne fa."

Ya juya amsa gaisuwar wani. Tabawa ta ja mayafinta, ta bar Malam da rai a na'ura, ta sulale kafin ma'aikacin ya waiwayo.