Kunnen Baduku

Tasi'u, ajiye wannan "ai a kwamfutata yana aiki" da kake ta maimaita mini tun ɗazu, ka matso in ba ka misali. Maganar nan ta rufe shaguna da yawa, masu su ba su ma san abin da ya ci su ba.

An yi wani baduku a bakin kasuwar wani gari, kurma ne tun haihuwa, amma in ya ɗinka maka takalmi sai ka rantse da shi aka haife ka. Matsalarsa ɗaya ce. Masu saye na nesa waya suke bugowa, shi kuwa in ba rubutu ba ne waya ba ta da amfani a wurinsa. Sai wata mata mai gina shafukan intanet, wadda ta daɗe tana sa takalmansa, ta gina masa shafi. Ta jera hotunan aikinsa, ta sa fom a ƙasa inda mai so zai rubuta sunansa da adireshinsa na imel da girman ƙafarsa, saƙon ya faɗo cikin wayar baduku. Fom ɗin nan shi ne kunnensa. Ta gwada a ofishinta, saƙo ya isa, ta yi hamdala ta kama wani aikin. Damina ta shigo ta fita, ban da nata na gwaji ko saƙo ɗaya bawan Allah bai gani ba. Kullum sai ya ciro waya ya duba ya mayar aljihu, har ya yanke wa kansa hukunci cewa duniya ce ba ta son aikin kurma. Ya rubuto mata cewa ya gode da ɗawainiya, amma ƙarshen wata zai mayar da makullin shago ya koma ƙauye. Ta sake gwadawa daga kan kujerarta, saƙo ya tafi sumul. To, a nan ne irinku kuke ɗaga kafaɗa ku ce laifin wayarsa ne, ko kasuwa ce ta ƙi. Ita kam abin ya tsaya mata a rai, domin da bakinta ta sa shi ya dogara da fom ɗin. Ta cusa kwamfuta a jaka, ta tari a-daidaita-sahu, sai kasuwa.

Ta tarar har ya naɗe fatu, ya zuba basilla da wuƙaƙe a buhu ya ɗaure. Ta zauna kan benci, amma wannan karon ba ta taɓa fom ɗin da hannunta ba. Maƙwabcinsa mai sayar da yadi ta roƙa ya cika daga wayarsa, da nasa adireshin. Shafi ya ce an aika, har da godiya. Su ukun suka zuba wa wayar baduku ido. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa! Kunya ta kama ta, amma ba ta tsaya jimami ba. Ta buɗe kwamfuta a cinyarta ta bi sawun saƙon kamar mai bin akuyar da ta ɓata, daga fom zuwa na'urar da ke ɗauke da shafin, daga nan zuwa ƙofar masu karɓar imel. A bakin ƙofar nan ta same shi an koro shi. Ashe ɗan aiken da ta naɗa, wato manhajar da ke kai saƙon fom, ara sunan mutane yake yi. Duk wanda ya cika fom, sai ya je ƙofa ya ce "Ni ne Wane," alhali mai gadi yana ganin gidan da ya fito. Wane mai gadi ne zai buɗe wa maƙaryaci? Nata saƙon yana wucewa ne don adireshinta na gida ɗaya ne da shafin, ɗan aike bai yi ƙarya ba. Shi kuma shafin, da ɗan aike ya sa ƙafa waje sai ya hau godiya, ba ya jiran jin yadda aka yi. Nan take ta gyara masa ɗabi'a: ya yi sallama da sunan gidansa, sannan ya ce Wane ne ya aiko shi, ga inda za a mayar da amsa. Ta kuma hana shafin godiya sai an karɓi saƙo.

Allah ya sa tun farko ta sa fom ɗin ya riƙa ajiye duk abin da aka rubuta. Ta sako masa tsofaffin saƙonnin gaba ɗaya. Wayar da ke aljihun ƙirjin baduku ta girgiza, ta sake girgizawa, ta ƙi tsayawa, har ya dafe ta da hannu biyu. Mutanen Jos ne, da na Maraɗi, da wani ango da tuni an sha bikinsa. Waɗanda lokacinsu ya wuce, ita ta rubuta musu ban haƙuri da sunanta, ba ta laɓe a bayan kowa ba. Baduku ya daɗe yana karantawa, idonsa ya cika. Ya kwance bakin buhu ya zazzage kayan aiki, ya jawo kwali ya nuna mata ta ɗora ƙafa, ya zana ta da fensir. Ni na koya mata aikin gina shafi, kuma wallahi ranar da ta shigo mini da jajayen takalman da ya ɗinka mata a ƙafarta, kaina sai da ya fi ƙarfin hulata.

Saboda haka tashi ka je shagon mutumin da ka yi wa aiki, wanda ya ce saƙo ba ya iso masa, ka zauna kusa da shi ka gani da idonka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zuwa da kai ya fi aike.